Jar Fitilar Birki da Fitilar ABS a Tsohuwar Akori-kura: Yadda Ake Gano Matsalar

Duk akori-kurar da ta shekara 15 ko 20 tana jigilar buhuna da itace a hanyoyinmu, Hilux ce ko L200 ko Ranger, da wuya ka leƙa gaban direbanta ba ka tarar da wata fitila a kunne ba. Biyu daga cikin fitilun nan ba abin wasa ba ne: jar fitilar birki, da rawayar fitila mai haruffan ABS. Wasu direbobin sun saba da su har idonsu ya daina ganinsu. Wasu sukan manna baƙin salatif a kai. Wasu kuwa mai wayarin suke sawa ya zare ƙwan gaba ɗaya, a huta.

Fitilar ba ita ce cutar ba, sanarwa ce kawai. Sau da yawa abin da ya kunna ta bai wuce makunni mai datti ko wayar da ta tsinke ba, wani lokacin kuma man birki ne ke tsiyaya a hankali. Aikin mai mota shi ne ya iya bambance ƙaramar matsala da babba, ya kuma bi bincike daki-daki, daga abu mai araha zuwa mai tsada.

Bambancin fitilun biyu

Jar fitila, wadda ke da alamar motsin rai a cikin da'ira, ta ainihin birki ce: mai, bututu, birkin hannu. Idan ta kama kana tafiya, ka rage gudu, ka nemi gefen hanya ka tsaya.

Rawayar fitila ta na'urar hana taya kullewa ce. Kamfanin Bosch ya fara ƙera irin wannan na'ura da yawa a 1978, aka saka ta a motocin alfarma na Mercedes, daga baya ta iso motocin ɗaukar kaya. A kowace ƙafa akwai sensa da ke ƙirga haƙoran wani zobe mai juyawa tare da taya. Kwamfuta tana kwatanta gudun ƙafafun. Idan ka taka birki da ƙarfi ta ga wata ƙafa na shirin tsayawa cak, sai ta sassauta mata mai ta sake matsewa, sau da dama cikin daƙiƙa ɗaya, don taya ta ci gaba da juyawa kai kuma ka iya sarrafa sitiyari. Idan kwamfutar ta ga matsala, sai ta janye hannunta ta kunna fitila. Birkinka na yau da kullum yana nan, amma ranar da ka yi birkin gaggawa a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, tayoyi za su kulle motar ta ja ka inda ta ga dama.

Idan duka biyun suka kama tare, ka ɗauki hukuncin ja.

Gwajin farko: murɗa makulli

Kafin ka taɓa sifana, zauna a kujerar direba, sauke birkin hannu a wuri mai daidai, ka murɗa makulli har fitilu su kawo ba tare da ka tayar da inji ba. Fitilar ABS ya kamata ta kama na kimanin daƙiƙa 3 sannan ta mutu. Abin da ta yi a nan shi ne rabin amsar:

Idan ba ta kama ba sam, ƙwan ya ƙone ko an cire shi. Wannan gwaji ya zama dole ga mai sayen 'yar Kwatano ko wata ta hannu. Akwai kuma masu haɗa wayarta da ta fitilar baƙin mai, don su mutu tare idan inji ya tashi. Alamar wannan ita ce fitilar ba ta mutuwa da kanta sai an tayar da mota.

Idan ta kama ta ƙi mutuwa ko bayan an tayar da inji, tun motar na tsaye, matsalar ta wuta ce: fiyus, rile, tsinkakkiyar waya, ko sensar da ta mutu.

Idan ta mutu lafiya amma ta dawo bayan an fara tafiya, wayoyin na haɗe, saƙon da ke zuwa daga wata ƙafa ne bai yi daidai ba. Sai a duba datti a bakin sensa, zobe, boris ko taya.

Bin sawun jar fitila

Fara da birkin hannu. A gindin sandarsa akwai ɗan makunni mai waya ɗaya. Ƙura da tsatsa kan sa ya maƙale, ko sandar ta ƙi komawa har ƙarshe. Ja ta ka saki sau biyu ko uku kana kallon fitilar. Idan tana ƙiftawa, ka kama ɓarawon. Don tabbatarwa, zare wayar makunnin: idan fitila ta mutu, shi ne.

Daga nan buɗe bonet ka duba kofin man birki. A jikinsa akwai layi biyu, na sama da na ƙasa. A ciki akwai wani ɗan abu mai yawo a kan mai, wanda ke kunna fitila idan mai ya sauka. Shi ya sa fitilar da ke ƙiftawa a kwana, ko a gangara, ko lokacin taka birki, kusan kullum ƙarancin mai take nufi.

A nan ne mutane da yawa ke kuskure: su ƙara mai, fitila ta mutu, su kama hanya. Man birki ba ya ƙonewa kamar baƙin mai. Idan ya ragu, ɗayan biyu ne. Ko dai takalman birkin gaba sun cinye, fistin ya fito waje sosai mai ya bi shi ya cike gurbin, ko kuma akwai inda yake yoyo. Leƙa ta tsakanin rim ka ga kaurin takalmin. Idan naman da ya rage bai wuce milimita 3 ba, lokacin canji ya yi.

Idan takalma na da nama, sai neman yoyo. Duba waɗannan wurare da tocila:

Cikin tayoyin baya da ƙasan diram. Idan ka ga danshi ya haɗu da ƙura ya zama baƙin caɓi, ƙaramar silindar da ke cikin diram ce ke zuba.

Bututun roba na kowace ƙafa. Lanƙwasa shi da hannu. Idan ya tsattsage ko ya kumbura a wani wuri, a canza.

Bututun ƙarfe da ke bin shasi zuwa baya, musamman a motar da ta zo daga ƙasashen da ake zuba gishiri a hanya lokacin ƙanƙara. Tsatsa kan ci shi a ƙarƙashin maƙalai, inda ido ba ya kaiwa.

Bayan masta, wato silindar da kofin mai ke kanta, inda ta haɗu da baƙin tulun nan da makanikai ke kira busta. Idan fentin wurin ya kwaile, mastar na zubar da mai ta baya.

Sai gwajin ƙafa. Tayar da inji, taka birki da ƙarfi ka riƙe rabin minti. Feda mai lafiya tana tsayawa wuri ɗaya. Idan tana nitsewa sannu a hankali alhali ba ka ga yoyo a ko'ina ba, robobin cikin masta sun gaji. Idan kuma tana da laushi, sai ka buga biyu ko uku kafin ta kama, iska ce a cikin layi, ko takalman baya sun yi nisa da diram. Motar da fedarta ke nitsewa ba ta hawa titi, ko da garejin na bayan layi ne. Da muguwar rawa gara ƙin tashi; a kira makaniki ya zo inda take.

Idan mai na nan cike, feda ma lafiya, zare soket ɗin da ke jikin kofin. A mafi yawan motoci fitilar za ta mutu idan ɗan abin yawon ne ya nitse ko datti ya riƙe shi a ƙasa.

Tsofaffin motocin Amurka da wasu irinsu suna da ƙarin makunni a kan wani bawul da ke ƙasan masta. Layin birki biyu ne, na gaba da na baya, kuma bawul ɗin yana zaune a tsakaninsu. Idan ɗaya ya rasa ƙarfi, sai ɗan fistin da ke ciki ya gusa gefe ya kunna fitila. Yakan ci gaba da zama a gefen ko bayan an gyara yoyon, sai an cire iska da kyau an taka birki da ƙarfi kafin ya koma tsakiya.

Abu biyu da ke ruɗa masu dizal da masu Toyota

Injin fetur da kansa yake samar da zuƙar iskar da busta ke aiki da ita. Injin dizal ba ya yi, sai an haɗa masa ɗan famfo. A tsofaffin injuna irin 3L na Toyota da 4D56 na Mitsubishi, famfon nan a jikin altaneta yake. Wasu motocin suna da makunnin da ke kunna jar fitila idan zuƙar ta yi rauni. Gwajinsa ba wuya: da inji a kashe, taka birki sau 5 har ya yi tauri, riƙe shi, sannan ka tayar da mota. Ya kamata fedar ta ɗan sauka ƙarƙashin ƙafarka. Idan ta tsaya ƙiƙam, duba tiyon da ya taso daga famfo zuwa busta, sannan famfon, sannan bustar. Ka kuma sani cewa a irin waɗannan injuna, fambel ɗin da ke juya altaneta idan ya tsinke, caji da taimakon birki tare suke tafiya.

Na biyu, a tsofaffin Toyota da yawa, idan altaneta ta daina caji, fitilar batir da jar fitilar birki tare suke kamawa, saboda yadda aka haɗa wayoyinsu. Wanda ya ga waɗannan biyun tare, ya duba mai don kwanciyar hankali, sannan ya nufi mai wayarin, ba mai birki ba.

Bin sawun fitilar ABS

Fara da batir. Kwamfutar ABS ba ta jure ƙarancin wuta. Sa mita a kan batir: lafiyayye yana nuna kusan bolt 12.6 idan inji na kashe, sannan tsakanin 13.5 da 14.5 idan yana aiki. Goge kawunan batir, ƙara ɗaure wayar da ke zuwa bodi. Sai fiyus. Yawanci biyu ne ko fiye: ƙarami na kwamfuta, da babba na famfon ABS a akwatin da ke cikin bonet. Fiyus ɗin da ya ƙone a maye shi da mai lamba ɗaya da shi. Idan sabon ma ya ƙone, akwai wayar da ke taɓa bodi, kuma ɗaura masa zaren waya gayyatar gobara ce. Duba fitilun birki na baya ma, domin kwamfutar na karɓar saƙo daga makunnin da ke saman feda.

Bayan haka sai a tambayi motar da kanta. Kwamfutar tana ajiye lambar matsalar da ta gani. Ƙananan na'urorin bincike masu araha, waɗanda ake sokawa a soket mai ramuka 16 da Amurka ta wajabta tun 1996, galibinsu inji kawai suke karantawa. Idan irin wannan ta ce babu matsala, ba ta wanke ABS ba. A nemi babbar na'ura da ke shiga sashen birki.

Tsofaffin Toyota na da hanyar da ba ta buƙatar na'ura. A cikin bonet akwai ɗan akwatin bincike, an rubuta sunayen ramukansa a cikin murfi. Da makulli a kashe, haɗa ramin Tc da na E1 da guntuwar waya. A wasu samfuran sai an zare wani ɗan ƙarfe da ya haɗa Wa da Wb. A waɗanda ke da soket mai ramuka 16 a ƙasan sitiyari kuwa, rami na 13 ake haɗawa da na 4. A ƙirga ramukan da natsuwa, domin na 16 wutar batir ce kai tsaye. Murɗa makulli ka ƙirga ƙiftawar fitilar. Ƙiftawa uku, ɗan shiru, ƙiftawa biyu, lamba 32 ke nan. Ga waɗanda aka fi gani:

31 sensar gaba ta dama, 32 ta gaba ta hagu, 33 ta baya ta dama, 34 ta baya ta hagu. 41 ƙarfin wuta bai daidaita ba. 11 da 13 layin rile ne. 49 makunnin fitilar birki. 51 famfon ABS ya maƙale. Idan fitilar na ƙiftawa da sauri bai ɗaya ba tsayawa, babu lambar da aka ajiye.

Lamba hanya take nunawa, ba ta ce a sayi sabon kaya ba. Lamba 32 na nufin a je ƙafar gaba ta hagu a bincika komai da ke can.

Abin da ake dubawa a ƙafa

Sa duwatsu a gaba da bayan sauran tayoyin, ɗaga motar, ka tokare ta da abin da ya fi jak aminci kafin ka cusa kai. Cire taya, ka murɗa sitiyari har ka ga bayan ƙafar.

Bi wayar sensa da yatsa tun daga ƙafa har inda ta shige bodi. A nan yawancin matsalar take. Wayar na lanƙwasawa duk lokacin da aka juya sitiyari ko aka faɗa rami, shekara da shekaru, har zaren ciki ya karye alhali robar waje na nan lafiya. Kara da kututture a hanyar gona kan fizge ta. Motar da ke kwana kusa da rumbun hatsi kuwa, ɓera kan yi mata aiki. Buɗe soket ɗin ka leƙa: idan ka ga kore-kore a bakin ƙarafan, ruwan damina ko na wurin wankin mota ya shiga. A wanke da maganin wanke soket, a bari ya bushe.

Sensar kanta noti ɗaya ke riƙe da ita. Kwance shi, ka murɗa ta hagu da dama a hankali har ta fito, domin tsohuwar roba ce, tana karyewa a cikin rami. Bakinta maganaɗisu ne, don haka za ka same shi ya tara garin ƙarfe ya yi gashi-gashi baƙi. Goge shi da tsumma. Kankare tsatsar da ke wurin zamanta, domin tsatsa kan ɗaga ta sama ta nisanta ta da zobe, saƙo ya yi rauni. Alamar wannan ita ce feda ta riƙa rawa tana gurnani daidai lokacin da mota ke gab da tsayawa, a busasshiyar hanya. Wannan matsala ce ta sa kamfanin General Motors ya janye ɗimbin motocinsa ƙirar 1999 zuwa 2002 don gyara a jihohin Amurka masu zuba gishiri a hanya.

Haska tocila cikin ramin kana juya ƙafar. Kana neman haƙorin da ya karye, zoben da ya tsage, ko laka da giris da suka cike tsakanin haƙora. Mayar da taya, kama ta sama da ƙasa ka girgiza. Idan tana wasa, boris ya saki, kuma zobe na kaucewa sensa. Tambayi kanka kuma: yaushe fitilar ta fara? Idan bayan canjin shaf ne ko boris, mai yiwuwa an ɗaura wanda ba shi da zobe, ko mai adadin haƙora daban. Wannan na faruwa sosai da kayan da aka ciro daga wata mota, don haka mai zuwa Ƙofar Ruwa ko Panteka ya tafi da tsohon a hannu, a ƙirga haƙora a gabansa. Tayoyi masu girma daban-daban ma kan rikita lissafin kwamfutar.

Tsofaffin sensa masu naɗin waya ana auna su da mita. Yawancinsu na nuna tsakanin om 1,000 da 2,000, amma abin dogaro shi ne kwatanta hagu da dama: su zo kusa da juna. Wadda ta nuna babu haɗi ta mutu. Riƙe mitar a kai kana murza wayar. Idan lamba na tsalle, karayar na cikin waya. Sababbin sensa da kwamfuta ke ba wuta ba a auna su ta wannan hanya, sai da na'ura mai nuna gudun kowace ƙafa ana tafiya.

Akwai motocin Amurka da ABS ɗinsu na ƙafafun baya ne kaɗai, tsarin da Ford ta fara sakawa a 1987. Sensarsu ɗaya ce, a saman tulun aksul na baya. A manyan akori-kurar Ford na 1992 zuwa 1996 ita ce kuma ke ba agogon gudu saƙo, don haka idan allurar gudu na tsalle fitilar ABS kuma na kunne, can za a dosa.

Kwamfuta da famfon ABS su ne na ƙarshe a layi, su ne kuma mafi tsada. Kada a yarda a canza su sai an tabbatar wuta na isa gare su, wayar bodi na da kyau, sensa duka na aiki. Ko a nan ma, sau da yawa dalmar da ke cikin allon ce ta tsage saboda zafi da girgiza, kuma ƙwararren mai gyaran lantarki na iya sake ta.

Bayan gyara

A tsohuwar Toyota ana share lambar ta hanyar barin wayar Tc a haɗe, a murɗa makulli, a taka birki sau 8 ko fiye da sauri-sauri cikin 'yan daƙiƙu. Sannan a zare wayar, a mayar da ɗan ƙarfen idan an cire shi.

Idan an buɗe layin mai, dole a cire iska. Aikin mutum biyu ne: ɗaya a ciki, ɗaya a ƙasa yana cewa "Buga! Riƙe! Saki!" Ana farawa daga ƙafar da ta fi nisa da masta. Hilux da ke da bawul mai auna nauyin kaya a saman aksul na baya, shi ma yana da wurin cire iska, kuma ana yawan mantawa da shi. Kada a bar kofin ya ƙafe ana cikin aikin, domin iskar da ta shiga akwatin ABS tana da wuyar fita.

A zuba man da aka rubuta a murfin kofi, DOT 3 ko DOT 4, daga gwangwanin da ba a taɓa buɗewa ba. DOT 5 ba na mota mai ABS ba ne. Man giya, baƙin mai ko ruwan sabulu suna lalata robobi ko su kawo tsatsa, sai an wanke layi duka an canza su. Man birki yana shan danshin iska. Sabon DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, amma idan ya sha ruwa yakan sauko kusan 140. Motar da ta ɗauko kaya tana gangara Hawan Kibo da ƙafa a kan birki tana iya kai wannan zafin, kuma man da ya tafasa ba ya riƙe mota. Shi ya sa ake sabunta shi duk shekara 2, ake kuma sauka gangara da ƙaramar giya.

A ƙarshe a gwada motar a fili mai tsakuwa inda babu mutane ko dabbobi. A gudun kilomita 30 zuwa 40, taka birki da ƙarfi. Idan feda ta yi rawa ƙarƙashin ƙafarka, ABS na aiki. Kada ka ɗaga ƙafa.

Mai mota da direba, ku riƙe wannan: ja a tsaya nan take, rawaya a bincika cikin makon. Duk wanda ya ce zai kashe muku fitila ba tare da ya nuna muku abin da ya kunna ta ba, ku karɓi makullinku ku nemi wani gareji.